Bashin karatun likita da ake biya da shekarun aiki



Duk makiyayi ya san habbanaye: a ba ka aron saniya, ta haifa maka, ka riƙe ƴaƴan, ka mayar wa mai ita da uwar. To, yau hirarmu a kan wani aro ne mai kama da wannan. Asibiti ko gwamnati ce ke ɗaukar nauyin karatun yaro har ya zama likita, a rubuta kuɗin a matsayin bashi. In ya gama ya yi mata aiki na wasu shekaru, sai a yafe. In ya ƙi, ya biya.

Mu leƙa Japan, inda tsarin ya daɗe. A 1972 jihohin ƙasar 47 suka haɗa kuɗi suka kafa jami'ar koyon aikin likita ta Jichi, saboda likitoci sun taru a birane sun bar ƙauyukan kan duwatsu da tsibirai. Kowace jiha tana tura ɗalibai 2 ko 3 a shekara. Karatun shekara 6 ne, kuɗin makaranta duka bashi ne. In likita ya koma jiharsa ya yi shekara 9 a asibitocin da aka tura shi, wajen rabinsu a karkara, shi ke nan, ba a binsa ko sisi. Mafi yawansu kuwa suna cika alkawari.

Me ya sa abin ya yi aiki? Ɗan gida aka ɗauka, gida kuma aka mayar da shi. Ya san mutanen, ya san hanyoyin. Sannan ba kyauta yake aikin ba, da albashinsa.

Amma fa akwai ɗaya gefen. A Amurka gwamnati na da irin wannan tsari don yankunan da ke fama da ƙarancin likitoci: duk shekarar da aka biya maka, za ka yi shekara ɗaya ta aiki, kuma ba ƙasa da shekara 2 ba. Wanda ya karya alkawari, doka ta ce ya biya ninki 3 na abin da aka kashe masa, har da kuɗin ruwa. Kun ga ke nan takardar ba abin wasa ba ce.

Mu ma nan abin bai yi mana nisa ba. Wasu gwamnatocin jihohi a arewacin Najeriya suna biya wa ɗalibai karatun likita, a gida ko a waje, da sharaɗin su dawo su yi wa jiha aiki. Wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda a amalanke daga ruga, ya isa asibiti ya tarar babu likita, ya san amfanin wannan sharaɗi. Kuma ga ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa, wata sa'a ita ce kaɗai ƙofar da za ta buɗe masa.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, Arɗo, in an kawo muku irin wannan takarda, kada a yi saurin dangwala yatsa. Ku yi tambaya. Shekara nawa yaron zai yi? Ku lissafa: wanda ya shiga yana ɗan 18 a tsari irin na Japan, sai ya kai 33 kafin ya mallaki kansa. Ina za a tura shi, kuma wa ke da ikon sauya masa wuri? Albashinsa daidai yake da na sauran likitoci? In ya faɗi jarrabawa, ko ciwo ya kwantar da shi, ko yarinya ta yi aure mijinta na wata ƙasa, yaya za a yi? In ya fasa, nawa zai biya, a cikin wata nawa?

Babbar tambaya kuma: wa ya tsaya masa? In kai ka sa hannu a matsayin mai tsayawa, ranar da yaro ya tsallake ya tafi, garkenka ko shagonka ne a gaba. Takardar da Faransanci take ko da Turanci, a samo wanda kuka amince da shi ya karanta muku da Hausa ko Fulatanci, layi-layi, ku kuma riƙe kwafinku.

Ku kuma samari da ƴanmata, in kun karɓa, ku cika. Kuɗin da aka kashe muku na jama'a ne, kuma in kuka gudu, ƙannenku ake rufe wa ƙofa.

Muna jiran saƙonninku kan wannan batu.