Karatu Tun Daga Goyo



Mu da muka fito daga ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa, Ƙunci da Bichi, inda gona ke manne da gona, mun saba jin an ce karatu yakan fara ne ran da aka kai yaro makarantar allo ko firamare. A ganinmu ya riga ya fara tun yaron yana bayan uwarsa.

A shekarar 1984 wasu masana biyu a Kanada, Werker da Tees, suka jarraba jariran gidajen da ake Turanci. 'Yan wata 6 zuwa 8 suna iya bambanta baƙaƙen harsunan da ba su taɓa ji ba, amma kafin su cika shekara sai kunnensu ya tsaya kan harshen gida kurum. Watau ɗan Bahaushe, tun bai yi taku ba, ya soma raba k da ƙ, d da ɗ, yana kuma kama karin sautin da ya raba fari na launi da fari na rashin ruwa. Wannan kunnen zai kai aji, kuma da shi zai gane baƙaƙe.

To, wa ke yi masa magana? Nan fa batun ɗan fari ya shigo. Bisa al'ada uwa tana jin kunyarsa, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, alhali kuwa ita ce ke tare da shi dare da rana. Ba mu ce a yar da alkunya ba, domin magabata sun yi mata magani: kaka, wadda ke tsokanar jika tana ce masa mijinta, da gwaggo, da yayyen da ke raino, sa'an nan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan tuwon dare. Amma gandu yana watsewa. Saurayi ya yi aure ya ware, da rani ya tafi ci-rani Kano, amarya ta zauna ita kaɗai da jariri da waya. Alkunyar tana nan, kakar kuwa tana wani gida. Waya ko rediyo ba sa amsa gwalantun jariri, ga shi kuwa amsar ce ke koya masa cewa magana karɓa-karɓa ce.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a soma koyar da ƙananan yara da harshen uwa, dokar UBE ta 2004 kuma ta sa renon yara kafin firamare cikin ilimin farko. Duk da haka ba aji ne zai shiga ɗakin mai jego ba.

Saboda haka muna roƙon ƙungiyar ɗalibai, in hutu ya zo, kowa ya zauna da tsofaffin gidansu ya rubuta tatsuniyoyi da wasannin raino, mu buga su ƙananan littattafai masu hotuna, a raba wa matan aure ranar awo a asibitocin ƙauye.