Ƙarfin Gwiwar Mai Rubuta wa Yara



An ɗora mini nauyin in yi magana a kan masu rubuta littattafan yara da masu yi musu zane, da kuma inda za su sami ƙarfin gwiwar ci gaba da wannan aiki. Da aka kawo mini takardar gayyata sai da na yi murmushi, don kuwa ni kaina na daɗe ina neman mai ƙarfafa ni. Amma tun da yake a Zariya aka shirya laccar, to, aikin ya zo da sauƙi, domin yawancin abin da zan kafa hujja da shi a nan ya faru, tsakanin ganuwar birnin nan da Tudun Wada.

Babban abin da ke kashe gwiwar mai wannan aiki shi ne raini. Idan mutum ya ce yana rubuta littafin fiƙihu ko na tarihi, sai a gyara masa wurin zama. Idan kuwa ya ce labarin Gizo da Ƙoƙi yake rubutawa, sai a dube shi a ce, "To, Malam, ban da wannan fa, wane aiki kake yi?" A wurinmu tatsuniya abar tsofaffin mata ce da dare, ana kuwa lissafa ta cikin ƙarya. Bayan raini sai rashin mai bugawa, sa'an nan rashin ciniki. Waɗannan biyu suna da ciwo, amma ana jure musu. Rainin shi ne ke sa mutum ya naɗe takardunsa ya tura ƙarƙashin gado.

To, wannan raini ba yau ya fara ba. A shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke nan Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, saboda an koya wa yara karatun boko, amma babu abin da za su karanta don jin daɗi. East ya zaga garuruwa yana roƙon masu ilimi su rubuta, ya kuwa sha wahala, domin da yawa suna ganin ƙaga labari bai dace da mutuncin malami ba. Waɗanda suka amsa kiran, yawancinsu malaman makaranta ne. A cikinsu akwai wani saurayi ɗan shekara 22 da ke koyarwa a Midil ta Katsina, watau Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa, Malam Bello Kagara, ya rubuta Ganɗoki. Wani malami daga Bauci ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka kai bauta, da uwar da ta bi sawunsa. Shi wannan malami shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Duk wanda ya sake tambayarku wane aiki kuke yi ban da rubuta labari, sai ku tuna masa da wannan.

A 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina aka kawo shi Zariya don ya shirya littafin karatu na makarantu. Cikin 'yan watanni ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Akwai abin lura a yadda ya yi aikin. An tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya karanta, ya zaɓi waɗanda suka yi masa, ya tuɓe musu tufafinsu ya sa musu riga da rawani, har yaron Hausa bai taɓa zaton baƙi ba ne. Saboda haka matashin da ke cewa ba shi da labarin kansa, don haka ba zai rubuta ba, ya sani babban gwanin ma ya yi aro, kuma bai ɓoye ba. Gwanintar tana wajen harshe da sanin abin da ke sa yaro dariya da abin da ke sa shi ya yi tsit. Daga baya aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945, da Kamfanin NNPC a 1966, littattafai suka yi ta fitowa daga garin nan. A farkon shekarun 1970 kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni, littafi shida, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayero, tatsuniya ba ta rage shi da kome ba.

Masu zane su ma suna da gadonsu a nan. A 1958 waɗansu ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon Turawa kaɗai ba, za su koma ga fasahar iyayensu. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Shi Onobrakpeya, wanda sunansa ya kai ƙasashen duniya, bai ji ƙyashin yi wa littattafan 'yan makaranta zane ba. Mai zanen da ya tashi a cikin birni kuwa bai ma bukaci ya yi nisa ba. Ga bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a, ga zanen da ke fuskar tsofaffin zaurukanmu, ga zayyanar allo, ga aikin hula da na wuyan riga. Abin da ke ba ni haushi shi ne in buɗe littafin da aka ce na yaran Hausa ne, in ga gida mai bututun hayaƙi a kan rufi, alhali ba a zana ko tukunyar ruwa guda ba. Na san akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da zanen mai rai. Wannan magana ta malamai ce, na bar musu. Amma ya kamata mai zane ya san da ita, ya san gidan da littafinsa zai shiga.

Yanzu ku ba ni dama in faɗi abin da ya same ni. Na taɓa rubuta wani ɗan labari na aika wa wani kamfani. Ya shekara biyu a wurinsu, sa'an nan aka dawo mini da shi, ko alamar an buɗe babu. Na yi fushi, na yi rantsuwar na bar rubutu. Wata rana da dare a gidan gwaggona a Kwarbai, yara suka dame ni da hayaniya, sai na ɗauko takardun don in sa su yi shiru. Shafi na farko da na biyu suna nan zaune. Da na shiga na uku, inda na tsai da labarin na kama yi musu wa'azi a kan ladabi, sai suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, har ya rage saura wata 'yar yarinya da ke gyangyaɗi. Gwaggo tana daga ƙofar ɗaki tana ji. Ta ce, "Kai ɗan nan, ka bar kura a bakin rijiya ka tafi kana surutu. Wa zai jira ka?" Washegari na soke shafi biyu, na komar da kura wurin aikinta. Da dare ya yi na sake karantawa, na tsaya da gangan a tsakiya. Sai yarinyar nan ta kama hannun rigata ta ce, "Kawu, sai me ya faru?" Jama'a, na sami yabo daga manya bayan wannan, amma babu wanda ya riƙe ni kamar tambayar nan.

Kada a ɗauka ina cewa kome lafiya lau ne. Akwai makarantun da ake hukunta yaro don ya yi magana da Hausa. Waya ta shiga hannun yara. Marubutan da suka taso a Kano daga shekarun 1980 sun nuna cewa mutum yana iya buga littafinsa da kansa ya kai kasuwa, amma yawancin abin da suka rubuta na samari da manya ne, ɗan shekara bakwai yana nan yana jira. Idan yaro bai sami littafi mai daɗi da harshen uwarsa ba a lokacin da yake koyon haɗa baƙi, to, zai girma yana ganin karatu horo ne.

Shawarata ga ɗaliban da ke nan ita ce, mai rubutu daga sashen harsuna ya nemi mai zane daga sashen zane-zane, su yi littafi ko mai shafi 16 ne. Kafin su nemi mai bugawa, su shigo cikin birni su roƙi hedimastan wata firamare ya ba su aji uku na rabin sa'a. Ɗaya ya karanta, ɗaya ya ɗaga hotunan, yana kuma lura da shafin da yara suka fara waige-waige, ya sa masa alama.

Shugaba, na ga lokacina ya cika.