Kafin ka sayi ƙaramar kyamara, a ina za ka tsaya?

Shirin yau ya samo asali ne daga saƙon wani ɗan'uwa daga Daura. Ya ce ya daɗe yana tara 'yan kuɗi, yana son sayen ƙaramar kyamara, irin wadda ke shiga aljihun kaftani. Burinsa ya ɗauki hawan Sallah da Sallar Gani, sannan in ta kama ya riƙa ɗaukar biki da suna yana samun na cefane. Tambayarsa ita ce: megafiksel nawa ya kamata ya nema?

To ɗan'uwa, ka yi haƙuri, zan ajiye tambayarka in yi maka tawa. Ranar da za ka ɗaga kyamarar nan, a ina za ka tsaya? A bakin filin Kangiwa cikin turmutsitsi, dawakai suna can nesa? Ko a cikin ɗakin amarya, ƙwan lantarki ɗaya, shi ma in da wuta? Don waɗannan wurare biyu kyamara biyu suke nema. Wadda ta iya ɗaya yawanci ba ta iya ɗayan ba, kuma mai shago ba lallai ya gaya maka haka ba.

Bari mu fara da filin hawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Magajiya ya san yadda abin yake. Ba kai ke zaɓar wurin tsayawa ba, jama'a da dogarai ke zaɓar maka. Ka hango laima, ka ji kakaki da tambari, ka ɗaga waya ka ja da yatsu biyu, sai hoton ya fito kamar an shafa masa koko. Dalili shi ne yawancin wayoyinmu ba zuƙowa suke yi ba, yanka tsakiyar hoton kawai suke yi su kumbura shi. A nan ne ƙaramar kyamara ta fi waya nesa ba kusa ba, domin gilashinta da kansa ke miƙewa ya jawo abin da ke nesa. Canon SX740 HS, wadda ta fito a 2018 a kan dala 400, tana zuƙowa ninki 40. Jerin Panasonic Lumix TZ da yawa suna kai ninki 30. Da irin waɗannan, daga inda kake za ka kamo amawalin hakimi da adon sirdi har da kumfar bakin doki. Amma ka karanta kwali da kyau: zuƙowar gilashi ita ce ta gaske. In ka ga an rubuta "digital zoom" da manyan lambobi, wannan dabarar wayarka ce aka sake sayar maka.

Kuma doki ba ya jiran mai hoto. In mahaya suka zabura za su yi jahi, ka juya maɓallin sama zuwa S, ko Tv in Canon ce, ka sa 1/1000. Rana tana nan wadatacciya, za ta ɗauke nauyin. Kyamarar da ba ta da wannan maɓalli, ni dai ba zan saye ta don hawa ba.

Yanzu mu shiga ɗakin amarya. Waccan mai ninki 40 da ta yi maka bajinta da rana, da magariba sai ta ba ka kunya. A cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti mai karɓar haske, sensa kenan. Na masu dogon zuƙo ƙarami ne, kusan milimita 6 da 4 da rabi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Akwai kuma wanda ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, faɗinsa ya ninka wancan kusan sau huɗu. Ka ɗauka ana ruwan sama, wani ya tara kofi, wani ya tara roba. Shi ya sa Sony RX100, da aka fara fitarwa a 2012, da Canon G7 X suke fitar da lalle da leshi da fuskar mutane tas a wurin da haske bai isa ba. Amma G7 X ba ta zuƙowa sai ninki huɗu da 'yan kai. Ka kai ta filin hawa, za ka dawo da hoton ƙeyar mutane.

Ka ga ke nan megafiksel bai shigo maganar ba. SX740 da G7 X Mark III duk 20 gare su, amma aikinsu ya sha bamban. Akwai RX100 VII ta 2019 da ta ɗan haɗa biyun, sensa babba da zuƙo ninki takwas, sai dai dala 1,200 aka fitar da ita. Lissafa da canjin yau ka gani ko kana ciki.

Wani zai ce, to me ya sa tsofaffin kyamarori suke tsada haka? A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a shekara ɗaya, mafi yawansu irin waɗannan ƙanana. Da waya ta zo ta cinye kasuwar, zuwa 2023 jimillar ba ta kai miliyan 8 ba. Casio ma ta daina yin su tun 2018. Sai kuma matasa a TikTok suka tashi da yayin hoto mai filashi irin na da, kowa ya koma neman abin da aka rage ƙerawa. Kaya kaɗan, masu nema da yawa, kun san sauran.

Akwai kuma 'yan robobin nan marasa suna da ke yawo a intanet, an rubuta 4K da megafiksel 48 ko 64 a jiki. Don Allah kar ku taɓa. Wayar da ke hannunka yanzu ta fi su.

Sai abin da masu sharhin Turai ba sa damuwa da shi, mu kuwa shi ne ke kashe mana kaya: ƙura. Gilashin da ke fitowa ya koma, duk fitowa yana shaƙar iska ne, duk abin da ke cikin iskar yana bi. Ka haɗa hazon hunturu da ƙurar kofaton dawakai da hayaƙin 'yan bindiga. Ni kaina na taɓa sayen wata ta hannu a wurin wani mai shago, a gabansa komai lafiya. Sati uku, ana tsakiyar taro, gilashin ya fito ya ƙi komawa, yana ƙara kamar injin niƙa. Da aka buɗe, yashi ne a ciki. Kuɗin gyara ya kusa rabin kuɗin saye, taron kuma ya wuce, ba a maimaita shi don ni. Saboda haka ka samar mata jaka mai zif, kar ka jefa ta aljihu tsirara, kuma kar ka goge gilashi da bakin riga. In aikinka duk na waje ne, gona da kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa da makamantansu, ka duba Olympus TG-6 ko OM System TG-7. A rufe suke ruf, ƙura ba ta shiga, har ruwa suna shiga mita 15. Zuƙonsu dai ninki huɗu ne kacal.

Tunda mafi yawanmu ta hannu za mu saya, ko a Kano ko ta hannun wani mai dawowa daga waje, kar ka biya sai ka riƙe ta. Kunna ka kashe kamar sau goma, ka kasa kunne. Zuƙo har ƙarshe ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton. In ka ga wani baƙin ɗigo da ke wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ta riga ta kai sensa, ajiye masa abinsa. Ciro batir ka ɗora a kan tebur, in yana lilo ya kumbura. Ka tambayi caja, ka kuma tabbatar ana samun batirin a kasuwa, don G7 X Mark III hoto kusan 235 take yi da caji ɗaya, ba zai kai ka ƙarshen hawa ba sai da na biyu. Duba ramin memori ma. Tsofaffin Sony da yawa Memory Stick suke ci, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma katin xD, waɗanda nemansu yanzu wahala ce. Nemi mai cin katin SD, ka ƙara da ɗan abin karanta kati da ake soka wa waya, don mai biki a daren yake son hotonsa a WhatsApp.

In ni ne kai, ɗan'uwa, kuma kuɗin na kyamara ɗaya ne, mai sensa babba zan saya. Hawa sau nawa ne a shekara? Ƙaramar Sallah, babbar Sallah, Gani. Biki da suna da walimar sauka kuwa kusan kowane sati ne, kuma su ne ke biya. In ta mayar da kuɗinta, sai ka nemi mai dogon zuƙo kafin Gani mai zuwa. Amma in don sha'awar dawaki kawai kake so, ba don sana'a ba, juya lissafin.

Ka rubuto mana wadda ka samu da yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.