Aikin Beli a Amurka

A yawancin ƙasashen duniya in alƙali ya ba da belin mutum, ɗan'uwa ne ko aboki ke tsaya masa, ba kuwa don a biya shi ba. A Ingila ma, dokar beli ta 1976 ta haramta a yi wa mai tsayawa alkawarin biyansa hasarar da ya yi. Amma a Amurka tsaya wa mutum sana'a ce sosai, da lasisi da ofis daura da kotu. In ban da ƙasar Filifin, babu inda a ke irin wannan ciniki.

Ga yadda abin ya ke. In alƙali ya yanka beli dala 10,000, wanda a ke tuhuma kuwa ba shi da su, sai danginsa su nufi dillalin beli. Shi zai ɗauki lamunin kuɗin a gaban kotu, bisa goyon bayan kamfanin inshora, su kuma su biya shi la'ada, yawanci kashi 10 cikin ɗari, watau dala 1,000. La'adar nan ba ta dawowa, ko da kotu ta wanke mutumin. In ya ƙi halartar shari'a, dillali ne zai biya, sai fa in ya kawo shi cikin wa'adi. Daga nan wata sana'ar ta samo asali, ta masu farautar waɗanda suka tsere. Su ba 'yan sanda ba ne, amma a jihohi da yawa suna da ikon kamu.

Aibin wannan tsari shi ne talaka ke shan wuyarsa. A 2010 an kama wani yaro ɗan shekara 16 a birnin New York, Kalief Browder, bisa zargin satar jaka. Aka yanka masa beli dala 3,000, danginsa suka kasa biya. Ya yi wajen shekara uku a kurkukun tsibirin Rikers ba a yanke masa hukunci ba, aka sake shi a 2013, ya kashe kansa a 2015.

Tun 1961 aka fara neman wata hanya. A shekarar nan wani attajiri, Louis Schweitzer, ya ba da kuɗi aka yi gwaji a kotunan Manhattan. Ɗaliban koyon aikin lauya suka riƙa yi wa tsararru tambayoyi game da aikinsu da iyalinsu da mazauninsu, su tabbatar da amsoshin, sa'an nan su shawarci alƙali ya saki waɗanda suka cancanta bisa alkawari kawai. Cikin waɗanda aka saki, ba a sami ko mutum 2 cikin ɗari da suka ƙi dawowa ba. A 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar gyaran beli ta kotunan tarayya. Jihar Kentucky ta hana dillancin beli a 1976, New Jersey ta kusan daina belin kuɗi a 2017, Illinois kuwa ta soke shi ɗungum a watan Satumba na 2023.

Duk inda aka rufe ofishin dillali, aikin da ya ke yi ba ya ɓacewa, hannu ya ke sakewa. Sai an sami ma'aikacin gwamnati mai albashi wanda zai bincika halin tsararre, ya rubuta wa alƙali rahoto, ya tuna wa mutumin ranar shari'a, ya kuma sa masa ido. Irin wannan aiki galibi yana bukatar digiri, a fannin shari'a ko ilmin zaman jama'a. Akwai kuma lauyoyin da hukuma ke biya su kare marasa hali, hakkin da Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1963. Akwai tafintocin kotu, aikin da ya kamata matasan Hausawa mazauna unguwar Bronx su duba, in sun iya harsuna biyu sosai.

Har yanzu dai dillalai na ciniki a yawancin jihohi. Saboda haka wanda ke sha'awar wannan fanni, sai ya fara bincika dokar jiharsa kafin ya kashe kuɗin neman lasisi ko digiri, domin sana'ar da ta halatta a Texas haramun ce a Kentucky.