Likitan da Ya Rage Yanka, Ya Ƙara Gani: Ayyukan Dakta Gerrit Melles a Dashen Tagar Ido



A shekarun da na yi ina koyarwa, da wuya in shiga aji ban tarar da yaro ɗaya ko biyu masu hakiya ba. Akan matso da irin wannan yaro gaban allo, amma sau da yawa karatun kan gagare shi, ya koma gida, alhali kansa na ja. Wannan ne ya sa na zaɓi in yi magana a kan wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Dakta Gerrit Melles, wanda bincikensa ya sauya yadda ake dashen tagar ido a duniya. Abin da nake so mu lura da shi ɗaya ne: darajar mai ilimi tana bayyana ne idan abin da ya gano ya fita daga hannunsa, ya yi aiki a hannun wasu.

Da farko, mece ce tagar ido? Ita ce 'yar fatar nan garai-garai da ke gaban baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya. Faɗinta bai wuce milimita 12 ba, kaurinta kuwa a tsakiya wajen rabin milimita ne. Babu jijiyar jini a cikinta, kuma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa cikin ido. Tana da hawa-hawa kamar albasa. A can cikinta akwai wani siririn shimfiɗi na ƙwayoyin halitta waɗanda aikinsu shi ne kwashe ruwa daga tagar dare da rana. Waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsirowa a idon ɗan Adam. Idan suka ƙare, ko saboda wata cuta ta gado da ake kira cutar Fuchs, ko saboda rauni a wajen tiyatar yanar ido, sai tagar ta sha ruwa, ta kumbura, ta yi hazo, gani ya dushe.

Dashen tagar ido tsohon aiki ne. A ranar 7 ga Disamba, 1905, wani likita mai suna Eduard Zirm ya yi dashen farko da ya yi nasara, a garin Olomouc da ke Jamhuriyar Cak ta yanzu. Majinyacin lebura ne da farar ƙasa ta ƙone wa idanu, aka dasa masa tagar idon wani yaro ɗan shekara 11 da aka cire wa ido saboda rauni. Daga nan har kusan shekaru 90, hanyar da aka fi bi ita ce a yanke tsakiyar tagar gaba ɗaya, a sa wata, a ɗinke da zaren da ya fi gashi siranta. Zaren kan zauna shekara guda ko fiye, tagar kan karkace har gani ya ƙi daidaituwa, tabon ba ya yin ƙwari kamar da, kuma jiki kan yi wa dashen bore.

A nan ne Dakta Melles ya yi tambayar da kowane magini zai gane: idan yaɓen ciki ne kawai ya zube, me zai sa a rushe katangar duka? A shekarar 1998 ya wallafa a mujallar likitoci mai suna Cornea wata hanya ta sauya bayan tagar kaɗai, a bar gabanta yadda yake. An taɓa gwada irin wannan a Amurka tun 1956, amma da ɗinki. Sabon abin da ya kawo shi ne, maimakon zare, sai a hura 'yar iska a cikin ido, ita ce za ta tokare dashen har ya manne. Majinyaci kan kwanta rigingine domin iskar ta danna inda ake so.

Bai tsaya nan ba, kuma wannan shi ne abin sha'awa a jerin rubuce-rubucensa: kowane ɗaya gyara ne ga wanda ya gabace shi. A 2002 ya nuna cewa za a iya naɗe dashen a shigar da shi ta 'yar ƙaramar ƙofa mai milimita 5. A 2004 ya nuna yadda za a ɓare lalataccen shimfiɗin daga idon majinyaci ba tare da yanka naman tagar ba. A 2006 shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton dasa shimfiɗin shi kaɗai, wanda kaurinsa bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 1,000 na milimita ba. Wannan ita ce hanyar da ake kira DMEK. Yawancin wannan aiki an yi shi ne a cibiyar binciken tiyatar ido da ya kafa a birnin Rotadam a shekarar 2000.

To, ta yaya za mu san cewa aikin ya yi tasiri? Hanya ta farko ita ce mu dubi waɗanda suka ɗauka. Dakta Mark Terry ya kai hanyar Amurka, ya yi mata gyare-gyare. Dakta Francis Price da Dakta Mark Gorovoy suka sauƙaƙa ta, har likitoci masu yawa suka iya yin ta. Zuwa 2012, dashen bayan taga ya zarce tsohon dashen yawa a Amurka. Hanya ta biyu ita ce mu dubi shaidar waɗanda ba ɗalibansa ba. A 2012 ɗin, Dakta Price da abokan aikinsa suka kwatanta majinyatansu, suka tarar cewa a cikin shekaru biyu, boren jiki ya taso wa kusan kashi 18 cikin 100 na masu tsohon dashe, kashi 12 na masu dashen baya mai ɗan kauri, amma kashi 1 kacal na masu DMEK. Malaman makaranta sun san wannan: ba ɗalibi ne ke duba jarrabawarsa ba.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da aikin Rotadam? Akwai ruwanmu ta fuska uku.

Ta farko, a 1999 Dakta Melles ya wallafa yadda ake amfani da wani shuɗin rini mai suna tiripan a tiyatar yanar ido. Idan yana ta nuna ta yi fari fat, likita kan sha wahalar ganin siririyar jakar da ta lulluɓe ta. Rinin kan shuɗanta jakar, ya ga inda zai yaga. Irin wannan nunanniyar yana kuwa ita ce tsofaffinmu suka fi kaiwa asibiti, domin ba ma zuwa da wuri. Likitocin ido a faɗin duniya suna amfani da rinin, kuma mafi yawan waɗanda suka amfana ba su taɓa jin sunan wanda ya kawo dabarar ba.

Ta biyu, hakiya tabo ce a gaban taga, don haka DMEK ba maganinta ba ce. Amma a 1999 ɗin dai ya bayyana hanyar sauya gaban tagar a bar wa mutum shimfiɗinsa na ciki. A 2002 wasu likitoci biyu a Jidda, Mohammed Anwar da Klaus Teichmann, suka fito da wata dabarar raba waɗannan hawa da iska, wadda ta yaɗu ƙwarai. Irin wannan dashe kan taimaki masu tabon da bai ratsa ciki ba.

Ta uku ita ce ƙarancin tagar da za a dasa, domin ana samun ta ne daga wanda ya rasu, bisa yardarsa ko ta iyalinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa a shekarar 2012 an yi dashe wajen 185,000 a ƙasashe 116, alhali mutum miliyan 12.7 na jira, wato taga ɗaya ga masu buƙata 70. Da yake yanzu ana iya raba taga hawa-hawa, kyautar mutum ɗaya kan isa majinyata biyu, wannan ya sami gaba, wancan ya sami baya. Cibiyar Rotadam ta gwada raba shimfiɗin cikin gida biyu, har ma gida huɗu.

Duk da haka, kada in bar ku da zaton kowace hakiya tana dasuwa. Tabon da jijiyoyin jini suka mamaye, kamar wanda amosanin ido kan bari, ba ya karɓar dashe da sauƙi. Abubuwan da suka fi ɓata tagar ido a ƙasashenmu su ne ƙyanda, da ƙarancin sinadarin bitamin A, da amosanin ido, da sukar ƙaya ko karan dawa a gona, da kuma ɗiga abin da ba likita ya bayar ba. Yawancinsu ana iya kauce musu. Rigakafi ya fi magani, balle maganin da mutum 70 ke jiran ɗaya.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Ku da ke birane, ku ne kusa da asibitoci irin su Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da Asibitin Ido na ECWA da ke Kano. Idan an aiko muku daga gida cewa idon wani ya yi ja yana ciwo bayan rauni, kada ku aika da kuɗin magani kawai, ku sa a kawo shi a ranar. Gyambon taga kan cinye ido cikin 'yan kwanaki.

Roƙo na biyu ga 'ya'yanmu ne masu karatun likita da jinya. Dakta Melles bai ɓoye dabararsa ba. Ya rubuta, wasu suka gwada, suka soki inda ke da rauni, suka gyara, shi ma ya koma ya gyara tasa. Ku riƙa rubuta abin da kuke gani a asibitocinku, ku ƙidaya, ku wallafa. Cututtukan idon mutanenmu suna jiran wanda zai zauna musu kamar yadda wannan bawan Allah ya zauna wa nasa aikin.

Allah ya kare mana ganinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.