Takardar Shaidar Mai Duba Gida: Abin da Ya Faru a Kanada



An nemi in yi magana a kan wata sana'a da ta kafu a Amurka da Kanada, wato duba lafiyar gida kafin a saya. Mai wannan aiki ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Mai saye ne ke ɗaukarsa ya biya shi, shi kuma ya yi awa biyu ko uku yana zagaya gidan. Zai hau rufi, ya leƙa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ya gwada wutar lantarki da famfuna da na'urar ɗumama ɗaki, sannan ya rubuta rahoto. Ba ya fasa bango, ba ya tona tushe, abin da idonsa ya gani shi yake faɗa. A kan wannan rahoto ne magidanci zai amince ya ci bashin da zai shekara 25 yana biya.

A Amurka masu sana'ar sun kafa ƙungiyarsu ta ASHI a 1976, suka rubuta wa kansu ƙa'idojin aiki. A Kanada kuwa an daɗe duk wanda ya mallaki tsani da tocila yana iya buga kati ya ce shi gwani ne. A farkon shekarun 2000 hukumar gidaje ta tarayya, CMHC, ta tallafa wa ƙungiyoyin sana'ar suka fayyace ilimin da ya wajaba mai duba gida ya mallaka, aka kuma fito da takardar shaida ta ƙasa baki ɗaya. Sai dai takardar ta ganin dama ce. Tsarin mulkin Kanada ya bar wa larduna ikon kula da sana'o'i, don haka gwamnatin tarayya da ke Ottawa ba ta da hurumin hana kowa aiki. Lardin British Columbia ne ya fara wajabta lasisi a 2009, Alberta ta bi sahu a 2011. Ontario, lardin da ya fi kowanne yawan jama'a, ya zartar da doka a 2017, aka yi ta shekaru ba a fara aiki da ita ba.

A shekarar 2009 ɗin nan wata kotu a British Columbia ta yanke hukuncin da nake so ku riƙe. Wani mai duba gida ya gaya wa wasu ma'aurata cewa gyaran gidan da za su saya zai ci kimanin dala 20,000. Suka saya. Da aka zo gyara sai kuɗin ya haura dala 200,000. Alƙali ya umarce shi ya biya su wajen dala 192,000, bai kuma karɓi sharaɗin taƙaita diyya da ke cikin yarjejeniyarsu ba. Wannan sharaɗi shi ne mafakar masu sana'ar da yawa: in an yi kuskure, a mayar maka da ɗan ladan da ka biya, shi ke nan. Shi ya sa na fi ganin ƙimar abin da Alberta ta yi fiye da kowace takarda mai hatimin zinare. Ta wajabta wa kamfanin duba gida inshorar dala miliyan ɗaya saboda kurakuran aiki. Wanda aka cuta yana da inda zai kai kuka, kuma akwai abin da za a biya shi da shi.

Akwai matsalar da jarrabawa ba ta maganinta, ita ce ta dillali. Sau da yawa dillalin gidan ne ke nuna wa mai saye wanda zai duba masa, shi kuwa dillali ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa. Mai duba gidan da ya cika tono aibu ya san ba za a sake kiransa ba. An bar kura da ajiyar nama ke nan. Ƙa'idojin ASHI sun haramta biyan dillali don ya kawo aiki, sun kuma hana mutum karɓar kwangilar gyaran gidan da ya duba sai bayan shekara guda. Jihar Massachusetts ta sa abin cikin doka: dillalin mai sayarwa ba shi da damar zaɓa wa mai saye mutum ɗaya. A ganina nan ne mutuncin sana'ar yake, domin ilimin da ba a iya faɗarsa a gaban dillali bai amfani mai saye ba.

Me ya haɗa mu da wannan? Tarnaƙinmu iri ɗaya ne da nasu. Nijeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma tun 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar a ƙarar da Jihar Legas ta shigar cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Duk abin da aka rubuta a Abuja zai tsaya a takarda har sai majalisar jiha ta ɗauka. Muna da COREN mai rajistar injiniyoyi da CORBON mai rajistar magina, wato ba masana muka rasa ba. Amma mai sayen gida a Kano ko Kaduna yakan ƙare ƙoƙarinsa wajen tantance takardun fili, ginin kansa kuwa sabon fenti ya wadatar, sai damina ta sauka.

'Yan majalisarmu da ke zauren nan, ku fara da dokar jiha mai lasisin da ake iya ƙwacewa da inshora ta dole. Ku kuma injiniyoyi, kada ku jira doka: ku fitar da tsarin rahoto guda ɗaya da farashin da talaka zai iya biya, ku haramta wa 'ya'yan ƙungiyarku karɓar aiki daga hannun dillalin mai sayarwa.