Lauyan gwamnati ma mai tsaron iyaka ne

Kun san tsibirin Lete, can wajen Gaya? Sama da shekara 40 Nijar da Benin suna jayayya a kansa. Ranar 12 ga Yuli 2005, Kotun Duniya ta La Haye ta ce na Nijar ne. Lauyoyin gwamnati ne suka tono takardun zamanin Turawa, suka kafa hujja.

To, kai mai karatun shari'a, wannan aiki yana jiranka. Amma fa amana ce: ko shari'ar iyaka ce, ko ta baƙon da bai da takardu, ka kare ƙasarka, kada ka zalunci bawan Allah. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.